Madacin Inna Habsatu

Mushen akuya Zuwaira ta yada mini a ƙofar gida, ko sallama babu. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauko ta daga Madekali bai ko kashe motonshi ba, ya tsaya shina kallonmu kamar wanda ya zo kallon dambe. Ina zaune bisa tabarma ina tsince wake, sai ga kofaton akuya cikin faifaina.

"Ga ta shida," in ji Zuwaira. "Ki haɗa da biyar ɗin da na ja na kai daji. Ki ci, Inna Habsatu. Ki ci ki ƙoshi."

Zuwaira ba mahaukaciya ba ce. Mijinta masunci ne, gulbi ya ci shi bara waccan, ya bar mata ɗiya huɗu da awaki bakwai. Kuma tun tana goye uwarta ke kawo mini dabbobinsu. Don haka na aje faifai, na durƙusa, na ja fatar idon akuyar ƙasa. Fari fat, kamar cikin sabuwar ƙwarya. Na taɓa haɓa, ta kumbura ruwa-ruwa. Gindin wutsiya duk busasshen zawo. Tsutsar ciki ce, ko makaho ya shafa ya sani. Ta tsotse jinin dabbar tas.

"To me ya hana ki kawo mini su tun da wuri?"

"In kawo su in yi me? Ba maganinki na saya ba, har kwalba uku?"

Ta ciro wata kwalbar roba daga ƙugunta ta cilla mini a cinya. Irin ta ruwan nan ce da ake sha a yar, an cika ta da wani jan ruwa, an manna mata takarda. Ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba, rubutu a wurina sawun kaji ne. Amma fuskata fa na san ta. Ga ni nan bisa takardar, da kallabina mai ruwan ƙwai wanda na ɗaura ranar sunan jikata, ina dariya da haƙorana uku.

Na buɗe, na shinshina, na kurɓa, na bar shi bisa harshe. Maganina, jiƙon ɓawon madaci, in ka kurɓe shi, ɗacin har ƙeya shike zuwa, shi wuni a maƙogwaro ko zuma ka sha. Wanga ɗacin a leɓe ya tsaya, na ganyen dogon yaro ne. Jan kuwa, haba. Shekara sittin ina girki a Malanbil, garin albasa, a ce ban san dafaffen ɓawon albasa ba?

"Wa ya sayar miki?"

"Ɗanki mana, Latifu. Tun daga tasha ake jin lasifikarshi: maganin Inna Habsatu, maganin Inna Habsatu. Yanzu kuma ki ce ba ki sani ba."

Na ce ta koma ta kawo mini ta bakwai ɗin kafin rana ta faɗi. Ta dube ni sama da ƙasa, ta hau moto. Mushen ta bar mini shi nan.

* * *

Latifu ba ni na haife shi ba, amma nonona ya sha. Uwarshi Rakiya maƙwabciyata ce, ta kwanta ciwo shina da wata huɗu, na haɗa shi da Zahiru nawa, ɗaya dama ɗaya hagu, wata goma sha ɗaya. Shi ya fi ja ma, har tsagewa na yi. Ni ba ni manta abu. Wadda ta ɗebo mini garwashi ranar da ruwa ya kashe mini wuta ina sane da ita. Wadda ta hana ni aron turmi shekara talatin da sunka wuce, ita ma ina sane da ita, ko da yake ta riga mu gidan gaskiya.

Da anka rufe gadar iyaka, manyan motoci sunka daina ƙetarawa Gaya, kamashon da shike yi a tasha ya mutu. Sai ga shi kullum a gidana. Inna kawo in riƙe miki gatari. Inna zauna in daka miki. Na ce Allah ya shiryi Latifu. Na ɗauke shi munka tafi dajin Tumbutu, inda itatuwan madaci uku na uwata suke, na nuna mishi komi. Yadda ake ɗebe ɓawo faɗin tafin hannu, gefe guda kaɗai, a shafe ciwon da laka da kashin shanu, kuma ba a koma wa wannan itacen sai damina biyu ta wuce. Yadda ake daka shi, a jiƙa da 'ya'yan bagaruwa kaɗan da ɗan kanwa, shi kwana a tulu. A kama akuya da safe ba ta ci komi ba, babba ludayi guda, ƙarama rabi, mai tsohon ciki a ƙyale ta. Bayan kwana bakwai a maimaita. Shina "to Inna, to Inna," shina latsa salula. Ashe hotona na cikin salular.

Washegarin zuwan Zuwaira na hau moto sai Tumbutu. Na jima ban je ba saboda gwiwa, wata takwas ina aiki da tsohon ɓawon da na shanya. Tun daga nesa na hangi sama a inda da ba a ganin sama. Itatuwan uku suna tsaye tsirara. An feɗe su zagaye, daga gindi har inda tsani ya kai, yadda mahauci ke feɗe rago. Ganye ko ɗaya babu. Uwata ta ɗebi ɓawonsu shekara arba'in, ni na ɗebi hamsin, ko reshe ba su yar ba. Shi damina guda ya gama da su. Da ɓawo ya ƙare mishi, kuɗi kuwa sun riga sun yi daɗi, sai ya koma juji na 'yan albasa.

Na dafa babban, wanda uwata ke kira Baba. Itacen ya yi zafi da rana, kamar jikin mai zazzaɓi. Ban yi kuka ba. Mai moto ya ce, "Inna, mu tafi, rana ta yi." Na ce mu tafi.

* * *

Ranar Asabar na shiga kasuwa. Rumfarshi na dab da turken awaki, kwalabe jere sun fi ɗari, kowace da fuskata. Dala ɗari kwalba. Ga Fulani, ga Dandawa, ga Zabarmawan da sunka ƙetaro da jirgi, kowa na miƙa hannu.

Shina ganina ya daka tsalle. "Jama'a, ga ta nan da kanta! Ga mai maganin!" Ya jawo mini kujera, ya sa anka kawo mini lemu mai sanyi. Mutane sunka yi ta zuwa gaishe ni. Ciniki ma ƙaruwa ya yi.

Na yafito shi kusa. "Latifu, awakin Zuwaira shida sun mutu."

"Allah sarki. Kwana ne ya ƙare, Inna."

"Na je Tumbutu."

Ya sosa ƙeya, sai ya yi dariya. "Inna, ke wahala ta zame miki jiki. Shekara nawa kina ba mutane magani ana ba ki ƙwai biyu da na gode? Dubi kasuwar ga. Wancan ƙwayoyinshi alli ne. Wancan allurarshi ruwan gishiri ce. Ni ko banza nawa ba shi kashe dabba."

"Ba shi kashe tsutsa dai."

"To ai ba ni na sa musu tsutsar ba." Ya cusa mini turmin atamfa a hannu. "Ki ɗinka, za mu sake hoto. Wancan kallabin ya tsufa."

Na karɓa. Na ce Allah shi yi albarka. Da na tashi na yi ihu a nan, cewa zai yi tsufa ne ya taɓa ni, a yi mini dariya, a ci gaba da saye. Zahiru ya ce in kai shi jandarma. In je in ce me? Su ce ina takarda, shi kuwa takardu gare shi har da hatimi. Kuma ni ba tara nike so a ci shi ba. So nike shi faɗa da bakinshi, a inda ya sayar da sunana.

A hanyar komawa na bi ta bakin gulbi. Nan na ga dukiyarshi: taure da awaki talatin da biyu, jajaye, yawancinsu ya tara su da ribar ɓawon albasa, shina jiran fataken Kamba su zo saye. Ruwa bai jima da janyewa daga fadama ba, ciyawa gajera kore shar, ƙasa na tsattsafo. Matarshi Sadiya na wurin, ta ce mini tun da sassafe ake sako su su ci da raɓa, wai don su yi saurin ƙiba. Kuma kullum wuri guda.

Abu ɗaya ke nan da ban kai ga koya mishi ba, don bai taɓa tambaya ba. Shi abin da ake zubawa a kwalba kaɗai ya dame shi. Tsutsa cikin raɓa take hawa ciyawa. Ba a sakin akuya a fadama sai rana ta lashe raɓar, kuma ba a kiwo bisa kashin jiya. Magana ce da ba ta fi numfashi biyu ba. Sadiya na tsaye gabana da goyo, tana tambayata ya gwiwa. Na dubi kashin awakin a ƙasa. Ya daina zama 'ya'ya-'ya'ya, ya fara curewa.

"Inna, ya kinka gan su?"

"Tubarkalla," na ce. "Ciyawar ga ta karɓe su."

* * *

Kwana ashirin da huɗu na jira. Ranar Talata da azahar sai ga su, shi gaba, Sadiya baya. Ya tuɓe takalmi tun daga ƙofar gida, abin da bai taɓa yi ba.

Biyar sun mutu. Sauran zawo kamar an buɗe famfo. Ya aika Gaya anka sayo mishi ƙwayoyi masu tsada, na cikin kwali mai hoton saniya, ya ba su, ba abin da ya sake. Da ya murƙushe guda cikin ruwa sai ya ga alli. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.

"Ba ka ba su na Inna Habsatu ba? Na ji ana yabonshi a lasifika."

"Inna, don Allah. Don nonon da kinka ba ni."

"A'a, kar ka taɓo nono. Nono ni ke bin ka, ba kai ke bi na ba."

Ɓawo ina da shi. Na riga na je Gene na roƙo a wurin wani tsoho mai madaci guda a gonarshi, shina tsaronshi ya fi yadda ake tsaron rumbu. Tulu ma na bayan ƙofa, sabon jiƙo na daren jiya. Latifu ya ga tulun. Idonshi bai bar shi ba.

"Zan ba su," na ce. "Ranar Asabar, gaban rumfarka, rana tsaka. Ka kawo su duka, a raba biyu. Rabi su sha nawa, rabi su sha naka, a ɗaure su nan turke har wata Asabar, kowa shi gani da idonshi. Wadda ta sha naka ba ta shan nawa."

"Inna, kashe ni za ki yi."

"In naka magani ne, me kake tsoro?"

Sadiya ta zube ta kama ƙafata. "Inna, Asabar kwana huɗu ce. Wallahi wasu ba su kai. Huɗu daga ciki nawa ne, da su anka kawo ni gidanshi, ba da kuɗin kwalba anka saye su ba. Ki ba nawa yau, ko su kaɗai."

Sadiya ba ta taɓa yi mini komi ba. Lokacin da zazzaɓi ya kayar da ni ita ta kawo mini kunu kwana uku a jere, ina sane. Ludayi huɗu ne kawai. Amma in na ba ta, ta kai gida, mijinta zai raba ludayi huɗun nan wa manyan taurenshi, gobe shi sake turo ta, jibi shi sake, Asabar ta zo ba shi da sauran buƙata a wurina. Hannunta na da sanyi bisa ƙafata. Na janye ƙafar.

"Asabar," na ce.

* * *

Ashirin da ɗaya sunka kai Asabar. Wasu a amalanken jaki anka kawo su, ba su iya tsayuwa. Cikin na Sadiya guda ta rage. Ta tsaya can gefe da igiyarta a hannu, ba ta dube ni ba.

Na aika Madekali anka ɗauko Zuwaira. Sarkin turke ya zo, kasuwa ta taru. Na ce a miƙo mini abin maganar lasifika. Sunana ya yi watanni cikinta, bakina bai taɓa shiga ba sai ranar. Na faɗi sharaɗi da Hausa, na maimaita da Dandanci, wani ya juya wa Fulani.

Latifu na murmushin yaƙe. Ya fara ware waɗanda sunka riga sunka kwanta, masu mutuwa ko me anka ba su, ya ce waɗannan su sha nashi. Ɗan kamasho ke nan.

"A'a," na ce. "Zuwaira ce za ta raba."

Zuwaira ta shiga cikin awakin, ba ta sauri. Tana jan fatar ido yadda ta ga ina yi. Duk wanda idonshi ke da sauran ja, wanda magani ke iya tayarwa, sai ta ja shi gefen Latifu. Manyan taure, masu tsadar, guda goma. Sannan ta ɗauki kwalba bisa teburinshi, ta buɗe, ta danƙa mishi. Ta sa babban tauren tsakanin ƙafafunta, ta buɗe mishi baki.

"Bismilla," in ji ta. "Ni ma haka na yi wa nawa. Da hannuna, ina lallashinsu su haɗiye."

Kasuwa ta yi tsit, har injin jirgi a gulbi ana ji. Ya dubi tauren, ya dubi tuluna, ya dubi kwalabenshi. Gumi na bin gemunshi. Kwalbar ta karkace, jan ruwan na zuba bisa yatsun ƙafarshi.

"Inna, ki ba su naki."

"Ban ji ba. Kunnena ya tsufa." Na kai mishi abin maganar bakinshi.

"Ki ba su naki. Wanga ɓawon albasa ne."

Lasifikar ta kai maganar har tasha.

Tebur ne ya fara kifewa. Anka tattake kwalabe, ƙasa ta yi ja. Wani Bazabarme ya fasa mishi baki, wata tsohuwa ta rufe shi da duka da takalmi tana kiran sunayen awakinta ɗaya-ɗaya. Da ƙyar sarkin turke da jandarma biyu sunka fizge shi. Ni ban ɗaga hannu ba. Na zauna na yi ta kama awakin ina ɗura musu, ludayi-ludayi, har da waɗanda na san ba su kai gobe. Alkawari na yi. Raina fari ƙal, rabon da in ji sanyi a ƙirji haka tun ranar da na haifi Zahiru.

Ina kan na ƙarshe sai inuwa ta rufe ni. Wani dattijon Bafillace ne, Ardo, wanda na fi shekara ashirin ina duba mishi dabbobi.

"Habsatu, wancan Asabar ɗin na gan ki zaune bisa kujerarshi kina shan lemu. Na ga kin karɓi atamfa. Don na gan ki na sayi kwalba huɗu."

"Dabara nike yi, Ardo."

"Kin san albasa ce ranar?"

Ni ba ni ƙarya. Na ce na sani.

"Dabararki ta ci mini awaki tara."

Ya gyara sandarshi bisa kafaɗa, ya tafi. Mutanen da ke kusa duk sun ji.

* * *

Goma sha uku sunka tashi cikin na Latifu. Ya sayar da su da arha ya shiga motar Kwatano, har yau ba labari. Sadiya ta koma gidan ubanta da akuyarta guda. In mun haɗu a hanya sai ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, gaisuwar da ta fi zagi zafi.

Na ɗauka za a dawo. Damina ta sake faɗuwa, lokacin tsutsa ya yi. Na jiƙa tulu, na share ƙofar gida, na kafa turaku huɗu kamar yadda na saba. Zuwaira kaɗai ta zo, ita kuwa akuya guda gare ta, ludayi guda. A gari magana ta zama ɗaya: maganin itace duk albasa ne, uwa da ɗa tare sunka ci, rabo ne ya haɗa su faɗa. A inda rumfar Latifu take, yanzu wani mai farar riga ke zaune da farantin ƙwayoyi rawaya cikin rana, layi har bakin titi.

In ana tambaya ko na yi nadama, ban yi ba. Ya faɗa da bakinshi, kuma na ji da kunnena.

Jiya da hantsi wata mata ta wuce ta ƙofata tana jan akuya, haɓar akuyar ta kumbura tana reto. Na ce, "Ɗiyata, tsaya in duba idonta." Ta dube ni, ta dubi tulun, ta naɗe igiya a hannu ta ƙara sauri.

Magani in ya kwana uku a tulu ya lalace. Da la'asar na ɗauke shi na kai gindin katanga na tuttule. Kaji sunka rugo da gudu, sunka sa baki, sunka ji ɗaci, sunka watse.